Latunde Odeku: Likitan ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya da darasin da ya bar mana

Ka san yadda abin yake faruwa a wajenmu. Ranar kasuwa ce, ɗan acaba ya ɗauko mutum biyu da buhun masara, ya zo kwana ya zame, ko akuya ta gitta masa. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru. Wani ya ɗebo ruwa ya sheƙa masa, wani ya ɗago shi zaune, mu kuma 'yan zamani mun zaro waya muna ɗauka. Can sai mutumin ya farfaɗo, ya miƙe, ya karkaɗe riga, har ya yi dariya. Kowa ya yi hamdala, a watse. Da daddare ya fara kukan ciwon kai, ya yi amai, ya kwanta barci. Da safe sai ka ci karo da sanarwar jana'izarsa a Facebook.

Daga Matazu zuwa Musawa, Malumfashi har Funtuwa, da wuya ka samu unguwar da ba ta san irin wannan labari ba. Kwana ne ya ƙare, wannan haka yake. Amma sau da yawa sanadin shi ne jini da ke tsiyaya a cikin ƙoƙon kai, yana matse ƙwaƙwalwa a hankali, alhali mutum na tafiya da ƙafarsa. Kuma sau da yawa akwai sa'o'i a tsakani da likita zai iya yin wani abu.

Yau ina so in ba ka labarin mutumin da ya fara kawo wannan aikin ƙasar nan. Sunansa Farfesa Emmanuel Latunde Odeku. Ya rasu tun kafin a haifi iyayen wasunmu, kuma na san da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Daga Legas zuwa Amurka

An haifi Odeku a Legas ranar 29 ga Yunin 1927. Asalin gidansu daga garin Awe ne, a Jihar Oyo ta yanzu. Ya yi sakandare a makarantar maza ta Methodist da ke Legas, sannan a 1947 ya tafi Amurka ya shiga Jami'ar Howard da ke birnin Washinton. Kada ka ɗauka Amurkar da kake gani a TikTok ce. A lokacin, a jihohi da yawa baƙar fata ba ya zama kujera ɗaya da fari a mota, ba ya cin abinci a inda fari yake ci. Ita kanta Howard jami'a ce da ta yi suna wajen karantar da baƙaƙe, saboda ƙofofi da yawa a rufe suke gare su.

A 1950 ya kammala digiri a ilimin dabbobi da sakamako mafi daraja, a 1954 kuma ya zama likita. Ya wuce Jami'ar Mishigan, ya leƙo gida ya yi aiki na ɗan lokaci a babban asibitin Legas, sannan ya koma Mishigan ya koyi tiyatar ƙwaƙwalwa a hannun wani babban malami, Edgar Kahn. A 1961 hukumar da ke tantance likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka ta ba shi shaidar ƙwarewa. Shi ne baƙar fata na biyu da ya taɓa samun wannan shaida, bayan Clarence Greene da ya samu a 1953. Daga nan ya koyar a Howard.

Kafin in ci gaba da labarinsa, bari in nuna maka abin da ya je ya koyo, don sai ka fahimci aikin za ka gane girman mutumin.

Akwatin da ba ya buɗewa

Ƙwaƙwalwarka nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikinka ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Matsalarta ita ce ba ta da rumbu. Ba ta ajiye abinci, ba ta ajiye iska. Abin da jini ya kawo mata yanzu, shi take ci yanzu. Idan jini ya tsaya gaba ɗaya, cikin daƙiƙoƙi mutum zai sume, cikin 'yan mintoci ƙwayoyinta za su fara mutuwa, kuma waɗanda suka mutu ba sa dawowa.

Sannan tana zaune ne a cikin ƙoƙon kai, wanda a babban mutum ƙashi ne rufaffe. Idan ka bugu a hannu, hannun zai kumbura ya samu wurin kumbura. Kai ba shi da wannan damar. Wasu likitoci biyu 'yan Sikotilan, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su suka fara fayyace wannan. Yau an san abu uku ne suka cika akwatin: ita ƙwaƙwalwar, da jini, da ruwan da take iyo a cikinsa. In wani abu na huɗu ya shigo, misali gudan jini daga jijiyar da ta fashe, dole wani ya matsa. Da farko ruwan ne yake kaucewa, shi ya sa mutum zai iya tashi ya yi ta hira. Idan wurin kaucewa ya ƙare, sai matsin cikin kai ya hau da sauri.

Ɗauki misalin noman rani. Zuciya ita ce injin ban-ruwa, jijiyoyi su ne tiyo, ƙwaƙwalwa ita ce gonar. Matsin cikin kai kamar mutum ne ya taka tiyon da ƙafa. Ruwan da zai isa gona ya danganta da ƙarfin inji da kuma nauyin wanda ya taka. In inji ya yi rauni, gona ta bushe. In mai takawa ya ƙara nauyi, gona ta bushe. A 1901 wani matashin likita Ba'amurke, Harvey Cushing, ya nuna cewa idan matsin cikin kai ya hau, jiki da kansa yana ƙara wa inji wuta: awon jini ya tashi, bugun zuciya ya ragu. Likita in ya ga wannan alamar ya san lokaci ya ƙure.

Saboda haka likitoci suke raba raunin ƙwaƙwalwa gida biyu. Na farko shi ne wanda ya faru a lokacin da kai ya bugi kwalta ko jijiya ta fashe. Wannan ya riga ya faru, babu mai mayar da shi. Na biyu shi ne wanda yake biyo baya cikin sa'o'i da kwanaki, saboda ƙarancin jini da iska da kumburi. Shi wannan na biyun ana iya rage shi, wani lokaci ma a hana shi. Kusan duk aikin da ake yi wa mai zubar jini a kai yaƙi ne da rauni na biyu.

Dawowa gida

To, Odeku ya samu wannan ilimin a lokacin da masu shi ƙalilan ne a duniya. Yana da aiki a Amurka, yana da suna, yana da makoma. A Oktoban 1962, shekara biyu da samun 'yancin kai, ya tattara ya dawo, ya kama aiki a Jami'ar Ibadan da asibitin koyarwarta. A nan ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya. Kayan aikin da ya fara da su, da yawa da kuɗinsa ya sayo su ya taho da su.

Ka ɗan tsaya ka auna. Ƙidayar 1963 ta ce 'yan Najeriya sun haura miliyan 55. Ga mutum ɗaya ya buɗe sashe don duk wanda kansa ya fashe, da mai ƙari a ƙwaƙwalwa, da jaririn da ruwa ya taru masa a kai, da wanda ƙashin bayansa ya karye. Mu da muke zancen ficewa daga ƙasa kullum a WhatsApp, ba zan ce maka kowa ya zauna ba, kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa. Amma yana da kyau ka san an yi wanda hanya ta buɗe masa ya juyo.

Kuma a wane hali ya yi aikin? Babu na'urar hoton kai ta CT. Ba a ma gwada ta a kan majiyyaci ba sai a 1971 a Landan, kuma ba ta iso Najeriya ba sai bayan rasuwarsa da fiye da shekara goma. Abin da likitan zamaninsa yake da shi shi ne hoton ƙashi, da wata dabara da Egas Moniz ɗan ƙasar Fotugal ya ƙirƙiro a 1927, shekarar da aka haifi Odeku, inda ake zuba wani ruwa a jijiyar wuya a ɗauki hoto a ga ko wani abu ya ture jijiyoyin kai daga mazauninsu. Sauran aikin kuwa ido ne da hannu da natsuwa. A haska ƙwayar ido a ga ko ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. A ƙirga bugun jini. A duba wane ɓari ne ya yi sanyi. A kira sunan majiyyaci a ga ko zai amsa kamar yadda ya amsa sa'a ɗaya da ta wuce. Daga nan likita ya yanke shawarar inda zai huda ƙashi ya fitar da jinin.

A 1965 ya zama farfesa. Daga 1968 zuwa 1970 shi ne shugaban tsangayar koyon likitanci ta Ibadan. Wannan lokacin ya zo daidai da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma sashensa ya karɓi sojojin da harsashi ya sama a kai. Shi da abokin aikinsa Adelola Adeloye sun rubuta abin da suka gani game da irin waɗannan raunuka.

Cutar da ake cewa ta Turawa ce

Wani abin da ya fi burge ni game da shi shi ne bai tsaya ga tiyata kaɗai ba. Yana rubuta abin da ya gani. A wancan zamani littattafan likitanci kusan duk a kan Turawa aka gina su, kuma akwai masu ganin wasu cututtukan ƙwaƙwalwa ba su cika kama 'yan Afirka ba, alhali babu wanda ya zauna ya duba. Odeku da Adeloye da Benjamin Osuntokun, wani babban masanin cututtukan jijiya, suka bi majiyyatansu suka rubuta bincike a kan shanyewar ɓarin jiki da zubar jini a ƙwaƙwalwa a tsakanin 'yan Najeriya, a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970. Aikin ya nuna cutar tana nan a cikinmu, kuma hawan jini yana kan gaba a cikin masu jawo ta.

Akwai ma wata cuta da ke ɗauke da sunansu har yau, cutar Adeloye da Odeku. Wani ƙulli ne da ake haihuwar yaro da shi a daidai maɗiga. Su suka fayyace shi a 1971 daga yaran da suka gani a Ibadan, kuma ana cire shi da tiyata.

Ya sa hannu wajen kafa tsarin horar da manyan likitoci a cikin gida da kuma ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Afirka, don kada sai an ƙetare teku kafin a ƙware. Kuma duk da wannan aikin, mawaƙi ne, ya wallafa littattafan waƙoƙi biyu da Turanci.

Ciwon suga ne ya kama shi. Ya rasu a Landan ranar 20 ga Agustan 1974, yana da shekara 47, aka binne shi a Ingila. Shekara goma sha biyu kacal ya yi yana wannan aiki a Ibadan. Ɗakin karatun kwalejin likitanci ta Ibadan sunansa yake ɗauke da shi, kuma Adeloye ya rubuta littafin tarihinsa.

Abin da ya sauya bayansa

A shekarar da ya rasu ne wasu likitoci biyu a birnin Gilasgo suka fito da ma'aunin zurfin suma, mai maki daga 3 zuwa 15, wanda yau ake amfani da shi a asibitocin duniya. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi. Wanda makinsa ya sauka zuwa 8 ko ƙasa, raunin mai tsanani ne, kuma yawanci sai an sa masa bututun numfashi.

In ka taɓa leƙa ɗakin kulawa ta musamman ka ga an kewaye mutum da wayoyi, ga abin da ake yi. Ana ɗaga kan gado kamar digiri 30, wuya a miƙe, don jini ya riƙa sauka daga kai ba tare da tangarɗa ba. Ana ba shi iska, in ya gaza numfashi na'ura ta taya shi. Ana tsare awon jininsa: in ya faɗi ƙwaƙwalwa ta ji ƙishi, in ya hau da yawa zubar jinin ta ƙaru. Ana sauke zazzaɓi, ana hana farfaɗiya, ana daidaita suga, domin zafin jiki da jijjiga suna sa ƙwaƙwalwa ta ci iska fiye da abin da take samu. Akwai ƙarin ruwa na musamman da ke janye kumburi. Akwai siririn bututu da ake sawa a zuƙe ruwan kai. In abin ya ƙi, a kwashe gudan jinin, wani lokaci har a cire wani yanki na ƙoƙon kai a ajiye, a ba ƙwaƙwalwa wurin kumbura, daga baya a mayar.

Akwai kuma wani nau'in zubar jini da ke zuwa ba tare da haɗari ba, inda wata jijiya mai rauni take kumbura kamar balan-balan ta fashe. Alamarsa ciwon kai ne mai tsananin gaske da ke saukowa farat ɗaya, kamar an doka maka taɓarya. Shi wannan, ko an tsayar da jinin ba a gama ba. Daga wajen kwana na 3 ko 4 zuwa na 14 jijiyoyin kai sukan tsuke, jini ya ragu, sabon rauni ya samu. Shi ya sa ake ba da wani magani na tsawon kwana 21 ana sa ido. Don haka in ka ga ɗan'uwanka ya farfaɗo amma likita ya ƙi sallamarsa, kada ka ce ana so a ci kuɗinku ne. Haɗari na biyu ake jira ya wuce.

Yau ana tiyatar ƙwaƙwalwa a Arewa, a asibitocin koyarwa irin na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Amma likitocin har yanzu sun yi kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da yawanmu, kuma suna manyan birane. Tsakanin mutumin ƙauye a Matazu da teburin tiyata akwai hanya, da kuɗin mota, da kuɗin hoto, ga fargabar tafiyar dare saboda matsalar tsaro.

Kai ne likitan farko

Wannan tazarar ce ta sa na ce labarin Odeku ya shafe ka. Yaƙi da rauni na biyu ba a asibiti yake farawa ba, a bakin titi yake farawa, kuma wanda ke tsaye a wurin kai ne, ko ke.

In mutum ya bugu a kai ya sume, kada ka ɗura masa ruwa ko madara ko rubutu, zai iya shaƙewa ya toshe iskar da ƙwaƙwalwarsa ke nema. Kada ka girgiza shi, kada ka lanƙwasa wuyansa, don mai raunin kai yana iya samun raunin wuya. In yana amai ko yana ƙwarƙwarar numfashi, ku haɗu ku juya shi gefe gaba ɗaya, kai da wuya da jiki a layi ɗaya. In wani wuri a jikinsa na zubar da jini, danne da tsumma mai tsabta, saboda jinin da ya zuba a ƙasa jini ne da ba zai je kai ba. Ku nemi mota a kwantar da shi, maimakon a cusa shi tsakanin mutum biyu a kan babur kansa na lilo.

In kuma ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, kada ku yarda da bakinsa kawai, a kai shi a duba. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barcin da ba a iya tayar da shi, ruɗewar magana, sanyin hannu ko ƙafa ɗaya, jijjiga, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, duk waɗannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Kada a ba shi asfirin, yana hana jini daskarewa. Haka in Baba ko Inna suka faɗi bakinsu ya karkace, kada a ɓata kwana biyu ana cewa iska ce ta buge su. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Sai abu biyu masu araha. Hular kwano ba ta kai kuɗin hoton kai ɗaya ba. Awon hawan jini kuma minti biyu ne, kuma wannan cutar ba ta yin sallama, mutum zai yi shekaru da ita yana noma yana kasuwa bai sani ba. In ka je gida hutun nan, ka kai iyayenka a auna su. In an ɗora su a kan magani, ka tsaya su riƙa sha, kada su daina don sun ji sauƙi.

Ke kuma ƙanwata da kike ajin kimiyya, da kai da kake shirin rubuta jarrabawar shiga jami'a, ku tuna Odeku yana da shekara 20 ya bar gida neman wannan ilimi, yana da 35 ya dawo ya kafa abin da babu shi a ƙasar nan. Yankinmu na noma yana buƙatar nasa likitan ƙwaƙwalwar, wanda ya san hanyar Matazu, wanda zai yi wa tsohuwa bayani da harshen da take ji. Babu abin da ya hana ya fito daga cikinku.

Mu kuma sauran, in Allah Ya kawo tsautsayi a gabanmu, mu mayar da wayar aljihu, ko mu kira mai mota da ita. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.